Tsufa da Kiɗan Na'ura: Daga Detroit Zuwa Yamai da Sakkwato



  'Yan uwa maza da mata, ɗalibai, da samarin situdiyo da ke zaune can baya kusa da ƙofa, barkanku da zuwa, sannunku da haƙuri da wannan zafin na Sakkwato.

Abin da za a tattauna yau shi ne rayuwar tsofaffin makaɗan na'ura, musamman masu kiɗan da ake kira tekno: yadda suka fara suna samari, yadda suka yi shekara talatin, arba'in a cikin sana'ar, da yadda kiɗansu ya riƙa sauyawa tare da furfurarsu. Wani zai ce, a birnin Shehu za a yi wannan magana? Tambaya ce da ta dace. Ba a tara ku don a kira kowa gidan rawa ba, kuma abin da malamai suka faɗa game da kiɗa yana nan a hannun masu shi. Sai dai sana'ar nan ta riga ta shigo unguwanninmu. Akwai yaranmu da ke cin abinci da ita, akwai waɗanda suka fara tsufa a cikinta, kuma ya kamata a san inda ta fito da inda take kai mai ita.

Batu na farko: daga ina tekno ya fito?

Mutane da yawa suna ɗauka kiɗan Turawa ne. Asalinsa na baƙar fatar Amurka ne, a birnin Detroit, garin ƙera motoci. A shekarar 1950 mutanen birnin sun kai wajen miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas. Da masana'antu suka fara rufewa suna ƙaura, sai gari ya riƙa zubewa, har ƙidayar 2020 ta samu mutanensa ba su kai dubu ɗari bakwai ba. Wanda ya san yadda masaƙun Kaduna da masana'antun Sharaɗa da Bomfai na Kano suka yi shiru ba ya buƙatar dogon bayani a nan.

A cikin wannan hali samari uku suka haɗu a makarantar sakandare ta wani ƙaramin gari mai suna Belleville, kusa da Detroit: Juan Atkins, Derrick May da Kevin Saunderson, haihuwar 1962, 1963 da 1964. Da dare suna sauraron wani mai gabatar da shiri a rediyo, Electrifying Mojo, wanda ke haɗa kiɗan baƙaƙen Amurka da na Kraftwerk, ƙungiyar Jamusawa masu kiɗa da na'ura zalla. Atkins ne ya fara shiga gaba. Shi da Rick Davis suka fitar da faifai a 1981 da sunan Cybotron, sannan a 1985 ya kafa kamfaninsa na faifai, Metroplex. May ya kafa Transmat, ya fitar da "Strings of Life" a 1987. Saunderson ya kafa KMS, kuma ƙungiyarsa Inner City ta shiga jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Ingila a 1988. A wannan shekarar ce wani kamfanin Ingila ya tattara kiɗan yaran Detroit a faifai ɗaya ya rubuta kalmar tekno a bangonsa, sunan ya bi su.

Da me suka yi kiɗan? Da kayan da masu kuɗi suka raina. Kamfanin Roland na Japan ya ƙera na'urar ganga mai lamba 808 a 1980, da mai lamba 909 a 1983. Manyan makaɗa suka ce sautinsu bai yi kama da gangar gaske ba, kasuwarsu ta mutu, aka daina ƙera su, suka koma kantunan gwanjo a kan araha. Nan yaran suka tsince su. Yau tsohuwar 909 ta asali ta fi sabbin na'urori da yawa tsada.

Shi kansa kiɗan, ga wanda bai taɓa ji ba, bugu ne mai maimaituwa, kamar sau 120 zuwa 150 a minti ɗaya, yawanci ba waƙa a kai. Gwanintar tana cikin ɗan canjin da ake sakawa a hankali: a ƙara wani sauti, a zare wani, a bar mai sauraro yana jiran dawowarsa. Bahaushen da ya taɓa tsayawa a filin dambe ya ji yadda mai kalangu ke riƙe taken ɗan dambe yana matse tsarkiya yana sakinta har tsikar jiki ta tashi, ya san wannan dabarar tun kafin a ƙera 909.

Batu na biyu, kuma a nan za a ɗan daɗe: yaya suka tsufa?

Kiɗan rawa sana'a ce mai cin samartaka. Yayi yana zuwa ya wuce a shekara biyu ko uku, kuma mafi yawan waɗanda suka hau shi suna sauka tare da shi. To me ya riƙe waɗanda suka daɗe?

A ɗauki Jeff Mills, haihuwar 1963. A shekarun 1980 yana rediyon Detroit da laƙabin The Wizard, wato boka ko matsafi, saboda saurin hannunsa wajen sauya faifai. A ƙarshen shekarun nan shi da Mike Banks suka kafa Underground Resistance, ƙungiyar da ke rufe fuska a bainar jama'a, tana yin kiɗa mai zafi da fushi, tana ƙin manyan kamfanoni. Daga baya ya ware ya kafa kamfaninsa, Axis. Faifansa "The Bells" na tsakiyar shekarun 1990 ya zama take. Da an ji shi an san Mills ya iso. A wurin wasa yana jera garmaho uku, ga 909 a gefe, yana buga ta da yatsu a gaban mutane kamar mai kurya. Da ya ga dama, da ya ci gaba da wannan har ƙarfinsa ya ƙare, kuma da ba zai rasa masu biya ba.

Bai tsaya nan ba. A 2000 ya yi wa tsohon fim ɗin nan na Jamus marar magana, Metropolis na 1927, sabon kiɗa. A 2005 ya tsaya a gindin wata tsohuwar gadar Rumawa a kudancin Faransa, shi da na'urarsa, tare da babbar ƙungiyar makaɗan birnin Montpellier masu goge da algaitun Turai, suka buga kiɗansa. Gwamnatin Faransa ta ba shi lambar girmamawa ta fasaha. Sannan, yana da shekara hamsin da 'yan kai, ya nemi wani dattijo ɗan Legas: Tony Allen, makaɗin gangar Fela Kuti. Suka yi wasanni tare, suka fitar da faifan "Tomorrow Comes the Harvest" a 2018, shekara biyu kafin rasuwar Allen a Faris cikin Afrilun 2020.

A dubi hoton da kyau, jama'a. Ga tsoho mai shekara saba'in da bakwai zaune a bayan ganguna, sanduna a hannu, yana bugu mai lanƙwasa da jinkiri irin na ɗan Adam. Ga Mills tsaye a kan na'urar da aka ƙera don ta yi bugu daidai ba kuskure, ya kashe mata tsarin da take bi da kanta, yana danna maɓallanta ɗaya-ɗaya don ya bi sawun tsohon. Mutumin da ya yi suna da na'ura ya kwashe shekara talatin yana koyonta har ya iya sa ta saurari makaɗi. Kuma ba shi kaɗai ya bi wannan hanyar ba. Moritz von Oswald, ɗaya daga cikin manyan tekno na Berlin, ya sa Tony Allen a ƙungiyarsa a faifan 2015. Tsohon abokin aikinsa Mark Ernestus ya tafi Senegal ya yi shekaru yana aiki da makaɗan gangar sabar. Shin ba abin lura ba ne a ce da furfura ta zo, sai su juyo Afirka ta Yamma neman ganga?

Robert Hood ya bi wata hanyar daban. Shi ne ya rage wa tekno kaya har ya bar ƙashinsa kawai, a faifan "Minimal Nation" na 1994. Daga baya ya bar Detroit ya koma karkarar Alabama, ya zama mai wa'azi a addininsa na Kirista, ya shigar da waƙoƙin coci cikin kiɗansa da sunan Floorplan, kuma ya jawo 'yarsa Lyric suna aikin tare. Saunderson ma ya shigar da ɗansa Dantiez cikin Inner City. Carl Craig, wanda ya taso a hannun Derrick May, ya kafa Planet E a 1991, ya bi ta kan jaz, ya kai ga aiki da babbar ƙungiyar makaɗan Faransa masu goge.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Sakkwato. Alhaji Musa Ɗanƙwairo da kiɗan noma ya fara, a bayan mahaifinsa, kafin ya zama makaɗin fada, ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa, ya rasu a 1991 ya bar 'ya'yansa riƙe da kotso. Ɗan Anace ya yi wa manoma, ya yi wa 'yan dambe. Abin kiɗan yana nan yadda yake a hannunsu, fagen ne ke faɗaɗa, kuma idan ƙarfi ya fara raguwa sai a jawo na baya.

Batu na uku: namu na kusa.

Idan ana neman tsohon makaɗin na'ura a wannan yanki, sai a tsallaka Illela da Ƙonni a nufi Yamai. Can akwai Mamman Sani Abdoulaye. A shekarun 1970 yana aiki da hukumar UNESCO, ya haɗu da wani ɗan Ruwanda a wurin taro, wanda ke tafe da wata na'urar kiɗa ta lantarki mai maɓallai ƙirar Italiya, mai suna Orla. Mamman Sani ya saya. A cikinta akwai ɗan bugun ganga mai maimaita kansa, sai ya riƙa ɗora masa karin waƙoƙin gargajiyar Nijar da nasa na ƙirƙira. A 1978 ya ɗauki kaset a gidan rediyon ƙasa. A lura da shekarar: shekara uku kenan kafin faifan farko na Juan Atkins.

Kaset ɗin kaɗan aka buga, suka ɓace. Amma kiɗan ya zauna a rediyo da talabijin na Nijar, ana sa shi tsakanin shiri da shiri. Mutane suka tashi da shi a kunne shekara da shekaru, suna iya rera shi, da yawansu ba su san mai shi ba. Sai da wani Ba'amurke mai yawon neman kiɗan Sahel, Christopher Kirkley, ya ci karo da kaset ɗin a ma'adanar gidan tarihi na Yamai, ya nemi mai shi, kamfaninsa Sahel Sounds ya sake buga shi a 2013. Mamman Sani yana da shekara sittin da wani abu ya fara yawon wasa a Turai, a gaban samarin da suka tashi da tekno, suna kallonsa a matsayin kaka. Daga baya aka fitar da "Taaritt", kiɗan da ya ɗauka tun shekarun 1980.

Shekara talatin da biyar kaset yana kwance, a birnin da bai fi tafiyar yini daga nan ba, sai da baƙo ya zo daga Amurka ya kaɗe masa ƙura. Wannan abin a yi farin ciki ne, domin dattijon ya ga ranar aikinsa da idonsa. Abin a ji ciwo ne kuma, domin ba ɗan yankin ne ya tono shi ba.

A bayansa akwai Hama, shi ma a Yamai, wanda ya fara yana direba, yana kiɗa da tsohon fiyanon Yamaha bayan ya tashi aiki. Kiɗansa ya yi yawo daga waya zuwa waya ta katin memori, babu suna a kai, har a ƙasashen maƙwabta. Sahel Sounds ta fitar masa da "Torodi" a 2015, da "Houmeissa" a 2019, inda ya koma haɗa kiɗa da kwamfuta. Ga sauyin salo a cikin shekara huɗu, kuma ana iya bin sawunsa ne kawai saboda faifan biyu suna ɗauke da sunansa da shekararsu. A kudancin Nijeriya ma haka aka yi da William Onyeabor na Inugu: sai a 2013 wani kamfanin Amurka ya tattara kiɗan da ya yi da na'ura tun shekarun 1970 da 1980, ya rasu a farkon 2017.

Batu na huɗu: makaɗin fiyano a ƙasar Hausa.

Kiɗan na'ura ya shigo mana ta ƙofar fim. Bayan Turmin Danya na 1990, situdiyon Kano suka fara amfani da ƙananan fiyano na Casio, sannan na Yamaha, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai yawa a kan yadda situdiyo irin ta Iyan-Tama ta buɗe wannan hanya, da rawar da makaɗan farko irin su Nasiru Gwale, Alee Baba Yakasai da Muktar Kwanzuma suka taka. Da fim ɗin Sangaya ya fito a 1999, kiɗansa ya cika motocin haya da shagunan kaset daga Kano har Agadas. Abin da ya ja kunne shi ne makaɗin ya laluba cikin na'urar Japan ya zaɓo sautukan da suka yi kama da sarewa da gangunanmu. Daga nan waƙar siyasa, waƙar biki, har da bege, duk suka hau fiyano.

Yau a Sakkwato, wanda ya leƙa irin waɗannan situdiyo zai ga ɗaki ne ɗan ƙarami, bango manne da katifar soso ko kwalin ƙwai, janareto yana gurnani a waje an ja shi nesa don kada ƙararsa ta shiga makirfo. Mawaƙi yana tsaye yana rera amshi, makaɗi yana zaune, hannun hagu a fiyano, na dama a kan linzamin kwamfuta. Ya saurara sau biyu, ya ce, "Malam, sake ɗauko shi daga sama." Ya laluba ya samo karin, ya shimfiɗa ganga, ya ɗora kalangun na'ura, ya gyara muryar da ta kauce. Kafin la'asar waƙa ta haɗu. A biya shi kuɗin zama, sau ɗaya. Gobe waƙar tana wurin masu turawa a bakin kasuwa, jibi tana lasifikar DJ a gidan biki, wata mai zuwa tana TikTok.

Tambaya ga zauren nan: wa zai iya kiran sunan mawaƙan Hausa na zamani guda goma? Kowa. Aminu Ala, Nazifi Asnanic, Ali Jita, Umar M. Shareef, Fati Nijar, Hamisu Breaker, ba a ma gama numfashi ba an kai shida. To wa zai kira sunan mutum biyar da suka haɗa musu kiɗa? Gaskiya ne wasu mawaƙan suna ambaton makaɗinsu a cikin waƙa, kuma sun kyauta. Amma ambato a baiti ɗaya ba ya zama haƙƙin mallaka, ba ya kawo ko sisi idan waƙar ta samu masu kallo miliyan.

Wannan ɗabi'ar tana da tushe. A tsarin kiɗan fada, sunan jagora ake riƙewa. An san Narambaɗa, an san Salihu Jankiɗi Sarkin Taushi, an san Sa'idu Faru. Masu riƙe musu kotso da taushi da 'yan amshi sai mai bincike ya bi diddigi kafin ya samo su. Amma a wancan tsarin makaɗi ɗan gida ne. Yana cin rabonsa daga kowace kyauta, doki ne ko riga, yana tsufa a inuwar ƙungiya, wata rana ma ya gaje ta. Makaɗin situdiyo ya gaji ɓoyuwar suna, bai gaji inuwar ba. Idan ya kai shekara hamsin, yaro mai sabuwar manhaja ya karɓe masa ciniki, ina zai nufa? Waɗanda suka fara a zamanin Sangaya yanzu sun haura shekara ashirin da biyar a sana'ar. Su ne tsofaffin makaɗan na'urarmu, kuma lokacin tambayar ya riga ya yi.

Shi ma DJ na gidan biki yana da gwanintar da ba a cika yaba masa ba. Yana karanta fili: ya san lokacin da iyaye mata za su shigo a rage sauti a sa musu tsohon kiɗa, ya san lokacin da ƙawayen amarya ke jiran nasu. Aikin da Mills ya fara da shi kenan. Sai dai kada a manta cewa lasifikarsa ta raba masu kalangu da yawa da abincinsu, kuma wannan asara ce ta gaske.

Batu na biyar gajere ne: suna da ajiya.

Abin da ya raba mutanen Detroit da namu ba baiwa ba ce. Tun suna 'yan shekara ashirin da wani abu suka kafa kamfanoninsu, kowane faifai da sunan mai haɗa shi da shekararsa, asalin ɗaukar kuma tana hannunsu. Shi ya sa Mills zai iya ɗauko kiɗan da ya yi a 1996 ya miƙa wa masu goge a 2005. Detroit ta fara bikin kiɗan na'ura na shekara-shekara a 2000. Mutanen Underground Resistance sun buɗe ɗan gidan tarihi a gininsu, inda tsofaffin na'urori ke jere. A Maris na 2024 Jamus ta sa teknon Berlin cikin jerin al'adunta da ake karewa, ko da yake mutane da dama sun yi ƙorafin cewa Detroit ce ta haife shi.

Sakkwato ta san ajiya. Nan ne ake da ma'adanar tarihi ta Waziri Junaidu, nan ne Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo take da sashen harsunan Nijeriya, inda Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya rubuta littafi sukutum a kan Narambaɗa. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya bi makaɗan baka gari-gari ya rubuta tarihinsu. Irin wannan aikin ne makaɗan fiyano ke jira. Ɗalibin da ke neman abin rubuta kundi zai iya zama da makaɗi ɗaya, ya rubuta wace na'ura ya fara da ita, wa ya koya masa, waɗanne waƙoƙi ya haɗa a wace shekara, ya kwafi abin da ke cikin tsohuwar kwamfutarsa kafin ta mutu. Gidajen rediyo irin su Rima suna iya faɗin sunan makaɗi tare da na mawaƙi. Su kuma samarin da ke can baya, ku riƙa ajiye asalin aikinku a wuri biyu, ku rubuta yarjejeniya ko da ta layi biyar ce kafin waƙa ta fita, kuma ku ware lokaci ku haɗa kiɗa na kanku, ba wanda aka yi oda ba, ku gayyato mai kalangu ko mai kotso na gaske ku zaunar da shi gaban makirfo, ku sa sunansa kusa da naku.

Mai girma shugaban taro, a nan za a dakata.   Fili a buɗe yake ga mai tambaya ko gyara, kuma idan shugaba ya amince, a fara ba mutanen situdiyo makirfo.